Gona ɗaya za ta iya ciyar da gidan abinci? Amsa ga mai shirin buɗe nata

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Na gama koyon girki a makaranta, na kuma yi aiki na ɗan lokaci a kicin ɗin wani otal. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona a wajen Kura, ba ta kai hekta biyu ba, amma tana samun ruwan rani. Burina in buɗe gidan abinci a Kano wanda duk abin da za a ci a cikinsa daga gonar zai fito. Na tara ɗan kuɗi, sai dai na rasa da wanne zan fara: in yi tafiye-tafiye in ga abincin wasu garuruwa, ko in zuba kuɗin a gona da kayan kicin? Na ji an ce ke ma kina noma, kina da gidan abinci, kuma kin zaga.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa albarka a abin da ya bari. Na ji daɗin tambayarki ƙwarai, domin yawancin masu zuwa wurina a kan wannan sana'a kujeru da fenti da sunan da za a rubuta a allo suke fara tambaya. Ke kin fara da ƙasa da ruwa, kuma daga can ɗanɗanon abinci yake tasowa tun kafin a ɗora sanwa.

Amma bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Gonar nan ba za ta ciyar da gidan abincin gaba ɗaya ba, kuma ba laifinta ba ne. Ɗauki shinkafa kaɗai mu yi lissafi. Buhu mai kilo 50 yakan fitar da faranti 300 zuwa 400, gwargwadon hannun mai zubawa. In Allah ya buɗa miki kina sayar da faranti 100 a rana, duk kwana uku ko huɗu buhu ya tafi, a shekara kin doshi buhu 100, wato tan 5 na gyararriyar shinkafa. Shanshera kuwa in an kai ta inji, wajen kashi ɗaya cikin uku ƙaiƙayi ne da dusa, don haka sai kin girbe kusan tan 8 kafin ki sami wannan tan 5 ɗin. Ko kin cika gonar da shinkafa daga wannan iyaka zuwa waccan, da ƙyar ki kai, kuma ba ki shuka ko tushen albasa ɗaya ba. Ga wake, ga masara, ga man gyaɗa, ga nama. Tukunyar gidan abinci kullum take ci, gona kuwa lokaci-lokaci take bayarwa.

Saboda haka ni abin da nake yi, kuma shi nake so ki yi: hatsi a bar wa kasuwa, gona a ba ta abin da kasuwa ba za ta iya ba ki ba. Shinkafa da masara da gero da wake suna jure ajiya, buhun da kika saya a kasuwar Dawanau da kaka, in kin iya zaɓe, bai fi wanda kika noma da hannunki muni ba. Ki saya a Nuwamba da Disamba lokacin da sabon hatsi ya cika kasuwa, ki adana. Amma alayyahun da aka tsinka da asuba aka sa a tukunya kafin azahar, ba ki da inda za ki saye shi da kuɗi. Wanda kike samu a kasuwar Yankaba ya kwana a mota, an yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, kuma ba ki san ranar da aka yi masa feshi na ƙarshe ba. Wannan na ƙarshen ya fi damuna. Kowane maganin feshi yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa waɗanda za a jira kafin a tsinki amfanin, manomi kuwa in farashi ya yi kyau yau, ba kowa ke iya haƙurin jira ba. Wasu lambunan na cikin gari ma da ruwan kwata ake ban ruwansu, sannan a yanka latas ɗin a zuba a kan shinkafa ɗanye. Gonarki za ta raba ki da wannan fargabar, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin riƙe ta.

Ki ware kwami-kwami na ganye: alayyahu, yakuwa, rama, lalo, latas da kabeji in sanyi ya shigo. Alayyahu sati uku zuwa huɗu ya isa yanka, don haka kada a shuka shi rana ɗaya. Duk sati a shuka kwami biyu ko uku, sai ya zama kullum akwai mai tasowa, akwai na yanka. In aka watsa iri duka lokaci guda, sati ɗaya za ki rasa yadda za ki yi da ganye, wata guda kuma ki koma saye. Zogale a jera shi a bakin iyaka, a riƙa sare kansa kada ya yi tsawon da hannu ba zai kai ba, yana ƙara tofo. Kuɓewa tana son tsinka duk bayan kwana biyu, in ta wuce haka ta yi ƙarfi sai dai a yanka a shanya. Kabewa ki ba ta wuri sosai, ita ce mai haƙurin cikinsu, in ta ƙosa aka cire ta da ɗan karanta aka ajiye a inuwa tana yin watanni, miyar taushe ba za ta yanke miki ba.

Tumatir kuwa sai mun zauna a kansa, don shi ne ya fi karya masu gidan abinci a garin nan. Kin san yankinku, Kura da Bunkure da Garun Malam, albarkacin madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da hanyoyin ruwan da suka biyo ta Kadawa, ya zama gidan tumatir. In kika je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a Fabrairu za ki ga kwanduna jere iya ganinki, wani lokacin kuɗin kwandon bai biya kuɗin tsinka da mota ba. Ki koma a Yuni ki tambaya. Tumatir ba ya son zafin bazara, furen zubewa yake yi bai ɗaura 'ya'ya ba, damina kuma ta zo da cututtukanta. Kowace shekara haka ne, ba sabon abu ba ne. A kan wannan kuma ga annoba: a 2016 tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tun daga lokacin ba ta bar mu ba, takan dawo in zafi ya fara. Duk wadda ta gina gidan abincinta a kan jar miya kaɗai, watanni uku zuwa huɗu a shekara ribarta a kwandon tumatir take ƙarewa.

Mafita biyu ce, kuma duka biyun daga gona suke. Ta farko kauɗa. Lokacin araha ki yanka ki shanya, naki da wanda za ki saya a wurin maƙwabta. Amma ba irin shanyar bakin titi ba, wadda ƙura da hayaƙin mota da awaki ke bi ta kai. A kafa rumfa mai tsayin ƙugu, a shimfiɗa raga ko tabarma mai tsabta, a raba tumatir biyu a kwantar da shi bayansa a ƙasa, a rufa da gidan sauro saboda ƙuda. Iskar hunturu busasshiya ce, cikin 'yan kwanaki ya bushe, jansa bai dushe ba. In za a yi miya a jiƙa shi da ruwan ɗumi, a wanke, a niƙa da tattasai da albasa mai yawa. Wadda aka shanya da tsabta ba ta da wannan ɗacin da baƙin da suka sa mutane ke raina kauɗa. Mafita ta biyu ita ce ki bar jerin abincinki ya bi shekara. Da damina, lokacin da tumatir ke tsada, Allah ya cika ƙasa da ganye: ɗanyar kuɓewa, yakuwa, lalo, karkashi, tafasa, zogale. Iyayenmu ba su san jar miya kullum ba. Na ga masu zuwa cin abinci da manyan motoci suna tambayar ranar da za a yi faten tsaki da yakuwa, ba sa ko kallon soyayyiyar shinkafa. Ki rubuta a allo cewa yau ga abin da gona ta kawo, za ki ga mutane sun saba, har su riƙa jiran lokacin kowane abu.

Akwai kayan da ba a kwami suke fitowa ba amma su ne ran miya, ina nufin kuka da daddawa. Kukar kasuwa sau da yawa a rana aka shanya ta, ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, yauƙin ya ragu, ƙamshin ya tafi. Wadda aka tsinko ganyenta yana ɗanye shar aka shanya a ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, in kin daka kin tankaɗe kore take fitowa, kuma cokali biyu nata ya yi aikin huɗu na waccan. In akwai bishiyar kuka ko ɗorawa a gonar, ina roƙonki kada ki bari a sare don a faɗaɗa wurin shuka. Daddawa kuma ban ce ki yi da kanki ba, aiki ne mai cin rai: a dafa kalwa yini guda ko kwana har bayanta ya yi laushi, a surfa, a wanke a fitar da ɓawon, a sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta yi wari ta yi danƙo, sannan a kirɓa a fyaɗa a shanya. A kowane ƙauye akwai tsohuwar da kowa ya san tata ta fi. Ki nemo ta, ki ba ta kuɗin kalwa tun da bazara lokacin da ɗorawa ke nuna, ki ce duk abin da ta yi naki ne, kuma kada ki taya mata farashi kamar kina sayen tsumma. Ranar da miyarki ta tsaya da daddawa mai kyau, za ki ga dunƙulen da kike jefawa ya ragu da kansa.

Tunda na ce ki sayi hatsi ki adana, dole in yi maganar ajiya. Wake ƙwari ne abokan gabarsa, kuma hanyar da wasu ke bi su kare shi ta fi ƙwarin illa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya da aka samu a jikinsa. Abin da Turawa suka ƙi, mu ne muke cinye shi a alale da ƙosai. Ki sayi wake sabon girbi daga hannun manomin da kika sani, ki tabbatar ya bushe ƙarau, ki zuba a buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. A matse iska a ɗaure kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki iska ke ƙare musu su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai murfin da ke rufewa ruf ma yana yin wannan aikin in an cika shi taf. Gyaɗa kuma matsalarta fumfuna ce, mai haifar da dafin afulatoksin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Ki tuna yawan inda gyaɗa ke shiga a girkinmu: taushe, ƙuli, yajin tsire, kunu, mai. A shanya ta a kan tamfol, ba a ƙasa ba, a zauna a tsince duk wadda ta yamushe ko ta canza kala a zubar. Masara ma haka.

Yanzu tafiya. Ki yi ta, gani ya kori ji. Amma ba irin wadda ake shiga babban gidan abinci a ɗauki hoton faranti a sa a Instagram ba. Wanda ya zauna a tebur ƙarshen labari kawai ya gani. Ki sauka a gidan dangi ko ƙawa, ki tashi da asuba ki bi matar gidan kasuwa, ki ga me take ɗagawa ta shinshina, me take mayarwa. In kin sami mai sana'ar da abincinta ya burge ki, ki gaishe ta da ladabi, ki faɗa mata gaskiya ke ma mai girki ce daga Kano, ki nemi izinin zama kusa da murhunta, ki biya ta, ki kama mata wanke-wanke. Wadda ta ƙi, haƙƙinta ne, da wannan sirrin take ciyar da 'ya'yanta.

Ki fara da Bauchi saboda masa. Kayan haɗin kowa ya san su: shinkafar tuwo a jiƙa, a dafa kaɗan daga ciki a haɗa, a niƙa, a sa yis, ƙullin ya kwana. Abin da ba ya rubutuwa shi za ki je gani. Ki lura da yadda mai masa ke ɗaga ludayi ta saki ƙullin ta kalli yadda yake zuba, daga nan take sanin ko zai ƙara ruwa. Ki ga yadda take ɗanɗana tsaminsa kafin ta sa ɗan ruwan kanwa, da yadda awannin kwanan ƙulli ke raguwa da bazara su ƙaru da hunturu. Ki kalli wutar: ba harshe take so ba, garwashi ne shimfiɗe daidai a ƙarƙashin tanda, ramin tsakiya ya fi zafi don haka shi take fara juyawa. Tandar ƙasa da ta daɗe tana shan mai ba ta kama masa, sabuwa kuwa sai an yi ta shafa mata mai ana gasawa kafin ta yarda. Masar da ta yi daidai bakinta ƙamas-ƙamas, cikinta kamar soso, in kin tsaga tururi ya fito ba danƙo. Safiya biyu a gaban wannan tanda ta fi miki karatun wata guda.

Maiduguri ki je don burabisko da sinasir da danderu, naman nan da ake rufewa a bar shi ya nuna a hankali cikin ruwan jikinsa, ki kuma koyi zaɓen bandar kifin tafkin Chadi. Jos ki je kasuwar Farin Gada ki ga kayan lambun da sanyin tsauni ke bayarwa, dankalin turawa na Bokkos da Mangu, ki koyi rege acca, don ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai kuma yashi ɗaya a gwate ya isa ya kori mai ci har abada.

Inda na fi ƙaruwa kuwa ta fuskar haɗa gona da tukunya, Nijar ne. A kan babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi akwai Galmi, garin da albasar nan mai ruwan hoda ta samo sunanta, wadda ake lodinta har Abijan da Akara. A wurin manoman yankin na fahimci cewa ajiyar albasa tun a gona ake fara ta. Suna yanke ban ruwa in ta kusa cira, su bar wuyanta ya bushe, sannan a kai ta rudu, rumbun kara da aka ɗaga daga ƙasa iska na ratsa shi. Albasar da aka ɗura wa takin zamani da ruwa har ranar cira takan yi girma ta burge ido, amma ruɓa take yi tun ba a je ko'ina ba. Lawashin ma ba sa zubarwa, a daka a shanya a yi gabu, ya shiga miya ya ba ta ƙamshin da ba ki samu a ɗanyar albasa. Gaba kaɗan ga Madawa da kilishinta, ki ga yadda ake feɗe nama siriri kamar takarda, a shanya, a tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa kafin ya ga wuta. A Yamai kuma dambun zogale abinci ne na sosai da ake layi a kansa, ba abin marmari ba. Sai dai tun rufe iyakar da aka yi a 2023 sha'anin ƙetarawa ya canza, wasu hanyoyin namu na gida ma ba a bin su yadda aka ga dama. Kafin kowace tafiya ki tambayi direbobin tasha da mutanen garin, ki yi tafiyar rana, kada ki tafi ke kaɗai. Babu girkin da ya kai ranki.

In hali ya yi nan gaba, ki leƙa zangon Nima a Akara ki ci shinkafa da waken da 'yan'uwanmu na can ke dafawa da jan ganyen dawa da 'yar kanwa, har ta yi ja mai duhu. Wannan dawar ita ce karan dafin da majema ke rina fata da shi a nan, layi biyu a gefen gonarki ya ishe ki shekara. Amma wannan ba ta bana ba ce. Kuma duk inda kika je, kada ki dawo da abinci goma ki jera a allo. Ki dawo da ɗaya ko biyu waɗanda kayan haɗinsu ke samuwa a gonarki ko a kasuwar Kano, ki yi ta maimaita su a gida har hannunki ya zauna.

Kin yi aiki a otal, don haka kin san girkin sayarwa daban yake da na gida, amma akwai abin da ma'aikaci ba ya gani sai ya zama mai wuri. Wanda ya ci miyarki ranar Litinin ya dawo Alhamis, wannan miyar yake nema, ba 'yar'uwarta ba. Ki sayi sikeli, ki auna komai, ki rubuta a littafi: tukunya kaza, shinkafa kilo kaza, mai kaza, gishiri kaza, ta fitar da faranti kaza. Ranar da ba ki da lafiya, yarinyar da ke taya ki ta buɗe littafin ta yi yadda kike yi. Ludayin zubawa ɗaya, malmalar tuwo girma ɗaya, yankan nama ɗaya. Ni nakan so kuɗin kayan da ke cikin faranti kada ya wuce kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na kuɗin da ake sayar da shi, domin ragowar ne zai biya haya da gas da ruwa da albashi kafin a yi maganar riba. Abinci kala huɗu ko biyar masu kyau sun fi kala ashirin, don kowane ƙarin kala ƙarin kwantai ne. Kwantai kuwa ba a jari kaɗai yake yin ɓarna ba. Dafaffiyar shinkafa in ta sha iska ta wuce awa biyu tana ɗumi-ɗumi, ƙwayoyin cuta na iya tsirowa a cikinta su bar dafin da ɗumame ba ya kashewa. Ko dai ta zauna da zafinta sama da digiri 60, ko a baza ta ta huce da wuri a sa a firji. Gara ki dafa kaɗan sau biyu a rana da ki dafa tuli sau ɗaya. Ma'aikatanki su yi gwajin lafiya, ki yi rajistar sana'ar, duba-gari in sun zo su tarar da wurin yadda za ki so ki tarar da kicin ɗin da 'ya'yanki ke ci.

Wutar lantarki ba ta da tabbas, don haka ga ganye da tumatir ki yi amfani da randar nan mai hawa biyu wadda Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen buhu a sama. Da rani tana aiki sosai saboda iska busasshiya ce, da damina ƙarfinta yana raguwa. Abin da ya fita daga kicin kuma ya koma gona a motar da ta kawo ganye: ɓawon kayan miya da tokar murhu su shiga ramin taki, dusa da ragowar ganye su je wa awaki da kaji.

Saura maganar da ta fi duka nauyi, wato wa zai zauna a gonar. Taura biyu ba ta taunuwa. Gidan abinci yana son ki tun kafin gari ya waye har dare, lambu kuma yana son ido kullum, kwana biyu aka yi sakaci da ban ruwa a watan Maris an yi asarar kwami. Rayuwar gona tana da daɗinta, ni har yau babu inda hankalina ke kwanciya kamar can, amma aiki ne na duƙe da rana da sauro da injin ban ruwa da ke lalacewa ranar da aka fi bukatarsa. Ki sami mutum ɗaya amintacce, ɗan'uwa ko wanda ya yi wa Baba aiki, ya zama gonar a hannunsa take, da albashi ko da kaso, a faɗa a gaban shaidu a rubuta. Tunda gado ce, ki zauna da sauran magada tun yanzu a san matsayin kowa, kada sai abu ya fara kyau magana ta taso. Sannan ki buɗe littafi biyu, na gona daban na kicin daban. Duk daurin alayyahun da ya zo daga gona, kicin ya biya shi a farashin kasuwar ranar. In ba haka ba, za ki ɗauka gidan abinci na cin riba alhali gonar ce ke zuba masa jininta, ko ki ga kamar gona ba ta kawo komai alhali ita ke riƙe da ku.

Game da kuɗin da kika tara, ga yadda zan raba da ni ce. Kaso mafi girma ya zauna a ajiye don hayar wuri da albashin watannin farko, domin sabon gidan abinci yakan daɗe kafin ya riƙe kansa. Na biyu ya tafi gona: gyaran hanyar ruwa, iri mai kyau, taki, rumfar shanya. Kayan kicin ki sayi tukwane masu kauri da sikeli da firji ɗaya, sauran su jira. Tafiya ta ci kaso mafi ƙanƙanta, Bauchi da Jos sun ishe ki a karon farko, kuma ki yi su da damina lokacin da ba ki fara komai ba. A Oktoba a yi rainon irin tumatir da tattasai da albasa, a dasa a Nuwamba, ki sayi hatsinki a Disamba. Kafin ki kama haya, ki fara dafawa daga gida kina kai wa ma'aikatu da masu biki, a nan za ki gane kala nawa ake nema da faranti nawa kike iya fitarwa ba tare da ɗanɗano ya canza ba. In komai ya tafi daidai, ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, lokacin da gona ke kan ganiyarta kuma kayan miya ke araha, shi ne lokacin buɗe ƙofa.

Ki je gonar a satin nan ki dubo min abu uku: watannin da ruwa ke isa gare ta da waɗanda yake yankewa, abin da maƙwabta na dama da hagu ke shukawa da irin feshin da suke yi, da kuma bishiyoyin da ke cikinta. Ki rubuto min, sai mu zauna mu tsara kwamin tare, in sha Allah.